Farar Malafa da Layukan Gangare

Doña Remedios,

A taimake ni, a kuma taya ni murna, don duka biyun nake bukata. Na shigo gonar tuffar nan ta kwarin Yakima a shekarar da dutse ya yi aman wuta, wadda toka ta rufe mana rana har kaji suka koma akurki da hantsi. Aikina na farko kakkaɓe toka daga ganye ne. Tun lokacin ina kan tsani. Ban yi makaranta ba, a jikin akwatin tuffa na koyi baƙaƙe, saboda haka ki yi haƙuri da rubutun. Amma kaina ba ya zubar da komai.

To, watan jiya Uwargida Halvorsen mai gonar ta kira ni a gaban kowa ta ɗora mini farar malafa. A gonarmu shugaban ma'aikata kaɗai ke sa farar malafa. Ni fa, Doña! Ni da na tsufa ina ɗaukar tsani a kafaɗa! Matata Chabela ta yi tamale, irin alalarmu ta masara, har maƙwabta suka ƙoshi. Da malafar nake zuwa coci, da ita nake cin abinci. Chabela ta rantse in na ƙara kishingiɗa da ita a kaina, a tukunya za ta kwana.

Kin san yadda aikin yake. Da sassafe shugaba ke raba layuka, kuma akwatin da mutum ya cika shi ne abincin gidansa. Akwai layukan kwari, bishiyoyi gajeru, 'ya'ya har suna shafar ƙasa. Akwai kuma layukan gangare, tsofaffin bishiyoyi dogaye, inda tsani ba ya tsayawa daidai, ka wuni kana hawa da sauka akwatinka na kallonka. Marigayi Don Hilario, wanda ya fi kowa daɗewa da malafar, 'yan garinsu da surukansa yake ba kwari. Mu da muka fito daga wasu garuruwa, gangare. Da ya rasu surukinsa ya gaje shi, bai canza ko ganye ba, sai bana da ya tattara ya koma gida. A gangaren nan aminina Fulgencio ya faɗo ya karya ƙugu, har yau da sanda yake tafiya. A can matar abokin aikinmu Nicanor ta yi tsinkar tuffa da tsohon ciki. Ba wanda ya rubuta, amma ni na riƙe, layi layi, shekara shekara.

Ranar da na sa malafar na ce yau za a yi gyara. 'Ya'yan Fulgencio, kwari. Jikokin Nicanor, kwari. Dangin Hilario kuwa su hau su gaisa da gangare. Da kin ga Fulgencio! Har gona ya zo yana dogara sanda, ya rungume ni yana hawaye, yana cewa ashe zai ga wannan rana da idonsa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Matsalar ita ce Marisela, jikar Hilario. Ba zan yi mata ƙarya ba, babu hannu irin nata a gonar. Murɗa tuffa take a hankali ta ɗago, ba ta fizga, ba za ki sami rauni ko ɗaya a akwatinta ba, ga sauri. Tun ranar da na sa malafar take gangare. Shekaranjiya muna shan kofi a bayan a-kori-kura sai ta dube ni ta ce wai tun da na sa malafar nan kaina ya daina shan iska. Ta ce lokacin da Fulgencio ya faɗo ko haihuwarta ba a yi ba, laifin wa take biya? Na ce mata, 'yar nan, gangare ba ya kisa, ga ni nan a tsaye. Ta ce ai kowa ya gani, kaka, ya bar ka da rai ya tafi da hankalin. Aka kwashe da dariya har da ni, don yarinyar akwai baki. Sai ta ajiye kofin. Ta ce ranar Litinin da za a fara tsinkar jajayen tuffa na ƙarshe, in na sake tura ta gangare, ita da 'yan'uwanta za su koma gonar da ke tsallaken hanya. Doña, su ne kusan rabin mutanena. Ga sanyi na tafe. In ƙanƙara ta riski tuffar a kan bishiya, amfanin ya tafi, malafar ma ta bi shi.

Chabela ta ce Hilario ne ya dawo, sai dai wannan ba shi da haƙora. Ni ban yarda ba. Ba ramuwa nake ba, daidaitawa nake. In na mayar da yarinyar kwari, da wane ido zan kalli Fulgencio? Ki nuna mini yadda zan riƙe ta ba tare da na janye ba. Gobe da safe zan kawo wasiƙar nan ofishin jaridarku da ƙafata, in zauna a bakin ƙofa da malafata har a ba ni amsa.

Mai Farar Malafa

*

Ranka ya daɗe Mai Farar Malafa,

Ka zo, ka zauna, ka kuma shanye mana kofi. Ga amsar da na yi maka alkawari. Barka da malafa, ta daɗe tana jiran kan da ya dace.

Abin da aka yi wa Fulgencio da matar Nicanor zalunci ne, kuma ka kyauta da ba ka bari an manta ba. Amma Marisela ma tana da gaskiya. Don Hilario dangi yake dubawa kafin ya raba layi. Kai ma dangi kake dubawa, sunayen kawai ka juya. A cikin waɗanda kake turawa gangare akwai mai kai irin naka, yana riƙewa layi layi, kuma wata rana malafar za ta iya faɗawa kansa. Jikokin Fulgencio ne za su sha hawan.

Hanyar da za ka riƙe ta ba tare da ka janye ba, ban san ta ba. Na san dai wadda za ka janye da mutuncinka. Fara da Fulgencio, ya ji daga bakinka kafin ya ji a gari. Abin da ya cancanta shi ne kada wani ya ƙara faɗowa inda ya faɗo. Don haka ka je wa Uwargida Halvorsen da abin da ke kanka: wane layi ne ya taɓa kayar da mutum, ina tsani ke zamewa. Ka nemi tsani masu kyau, ka nemi a ƙara ladan akwatin gangare a kan na kwari. Nan ne tunawarka za ta ciyar da mutane.

Ranar Lahadi ka je gidan su Marisela, ka bar malafar wajen Chabela. Ka gaya mata abin da ka gaya mini game da hannunta. Na tabbata ba ta taɓa ji daga bakinka ba.

Litinin da safe ka tara kowa. Ka faɗa a fili cewa mai ciki da wanda ƙarfinsa ya ja baya ba sa hawa gangare, ko jikan wa ne. Wanda ya hau yau kuma ba zai hau gobe ba. Sannan ka cire malafar, ka juya ta a hannunka bakinta sama, ka zuba 'yan katakai masu lambar layuka, kowa ya sa hannu ya ɗauki rabonsa. Ba zan yi maka alkawarin cewa Marisela za ta zauna ba, ta ji ciwo. Amma ka fara miƙa mata. Tana iya ɗauko gangare, sai dai a wannan karon hannunta ne ya ɗauko, kuma kowa na kallo.

Kanka ma zai sha iskar da ta ce ya rasa. Allah ya sa ku kwashe amfanin kafin sanyi, ya bar ka da malafarka. A gaida Chabela, a ce mata ina jiran tamale.

Doña Remedios