Hadayar da Ba a Sa Mata Yisti

Lahadi da dare, Disamba 2012, Manassas

Gidan nan ya yi shiru da yawa. Yau a coci fasto ya yi bayani kan hadayar gari ta Isra'ilawa, wadda ake haɗawa da mai da gishiri. Ya ce lallausan garin nan Almasihu ne da aka niƙa dominmu, man Ruhu Mai Tsarki ne, gishirin kuma alkawari ne da ba ya ruɓewa. Amma ba a sa yisti, don shi ke kumbura ƙullu, kamar girman kai.

Da aka tashi, Baba Yohanna, dattijon nan ɗan Zariya, ya riƙe hannuna a bakin mota. "Bitrus, da kai ake yi. Ka zama fanke, waje ƙato, ciki iska." Na yi dariya, amma maganar ta biyo ni gida.

Da jakar kaya ɗaya na shigo ƙasar Turawan nan, yau tasi uku gare ni, ba wanda ya ɗaga ni. Shi ya sa da ɗana Ishaku ya bar karatun likita wai zai koyi girki, na ce kada ya ƙara taka gidana. Wata bakwai ke nan. Shi kaɗai na haifa, kuma tun rasuwar uwarsa ba ni da kowa sai shi.

Ɗazu na kira shi, bai ɗauka ba, sai na'urar ɗaukar saƙo. Na ce, "Ishaku, babanka ne. Miyar kuka ta gagare ni. Ka zo ka nuna mini."

Har yanzu wayar tana kan gwiwata.