Iskar da Ke Fita Tsakanin Haƙorana

Litinin, 9 ga Mayu, 2022

Shekara goma sha ɗaya ina karantar da matan aure a Islamiyyarmu ta Illo, ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Malam Sharfuddeen, shugaban makaranta, ya shigo ajina sauraren hadda. Ya kira Inna Barira, wadda ta fi kowa shekaru, ta kuma fi kowa naci. Sai da ta aurar da 'ya'yanta kaf sannan ta fara alif. Ta ɗauko sura tiryan-tiryan, sai ya ɗaga hannu.

"Inna, wa ya koya miki yin fito a kan harafin shin?"

Ta juyo ta dube ni da fara'arta. "Malama Munawwara. Yadda ta faɗi, haka nike faɗi."

Gaskiya ta faɗa. Iskar nan da ke kuɓuce mini ta kafofin da suka buɗe a gindin haƙorana na gaba, ita baiwar Allah ta zauna ta koya da wahala, tana zaton cikin karatun take.

Malam ya tashi ya fita abinsa. Da faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 11 ga Mayu

Na saurari ajin ɗaya bayan ɗaya. Mutum huɗu ke yin fiton.

Alhamis, 12 ga Mayu

Yaya Tasallah ta biyo daga Dole Kaina da busasshen kifi. Na ba ta labari, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce in buɗe baki ta gani. Kafofi uku ne, baƙaƙe, daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Bara suka fito, bayan an wanke mini haƙora a asibiti kumburin dasashina ya saɓe. Ba wushirya ba ce. Wushirya ado ce, waɗanga kuwa kamar an maƙale ƙwayar barkono.

Ta ce akwai wani mutum a kasuwa can ƙetaren iyaka, yana rufe haƙori da farin ƙarfe ko na zinariya, kafin ka gama cinikin albasa ya gama. "Ki hito da haƙoran Makka ukku, kowa ya ce Hajiya." Na tambaye ta da me yake aiki. Ta ce da zarto.

Allah ya saka mata, nufinta alheri ne. Amma zarto.

Asabar, 14 ga Mayu

Abin da ya fi damuna ba ciwo ba ne. Ni da bakina na karanta wa matan nan hadisin da ya tsine wa masu fere haƙori don ado. Ta yaya zan je a taɓa nawa?

Bayan an tashi na tsaya bakin ofis na tambayi Malam. Ya ce, "Da su aka haife ki?" Na ce a'a, ciwo ya kawo su. Ya ce mai gyara abin da ciwo ya ɓata daban, mai sake halitta don a ce ta yi kyau daban. Ya ƙara da cewa niyya ita ce tawa, shi ba ya ganinta.

Niyyata karatu. Na rubuta nan don in riƙa gani.

Talata, 17 ga Mayu

Birnin Kebbi. Mun yi sammako ni da maigida, muka bi ta Bagudo. Ya bar lodin shinkafarsa a hannun abokinsa, bai ko ambata ba.

Likitar haƙorin mace ce, Likita Rahmatu, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta daɗe tana dubawa. Tambayar farko da ta yi, yaya nake asuwaki. Na nuna mata. Ta ce, "Malama, wannan ai dirzar tukunya ce." Ashe ciwo ya ci rabin dasashin, ni na ci rabi da hannuna, shekara da shekaru ina ganin tsabta nake yi.

Ta ce naman da ya ja baya da wuya ya komo, kada wani ya ruɗe ni. Akwai allurar da ake cika dasashin da ita, amma bayan watanni ta sace, sai an sake. Akwai rufi na tangaran da ake manna wa fuskar haƙori, yana da kyau ƙwarai, sai dai dole a kankare lafiyayyen haƙori, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan. Ana iya ɗan rage gefen haƙoran a ɗaura waya ta matso da su, shekara ɗaya ko fiye, ina zuwa duk wata. Daga Illo! Maigida ya yi gyaran murya, muka yi dariya mu duka.

Na ƙarshe shi ne farin ciko mai launin haƙori. Za ta gina shi a gefen kowane haƙori daga ƙasa, ya ɗan yi faɗi har kafar ta rufe. Ba yanka, ba kankara. Yana kai shekaru idan an kula, amma goro da baƙin shayi suna rina shi. Ta ce kuma ina iya barin su haka nan, in dai ina tsabtacewa, ba cuta ba ce yanzu.

Na gaya mata labarin Inna Barira. Ba ta yi dariya ba. Ta sa na karanta mata aya biyu, ta matso da kunnenta. Ta ce ba ta yi alkawarin fiton zai ɓace duka ba, harshe ya riga ya saba.

Na zaɓi cikon. Ta ce ba yau ba, dasashina yana jini. Sai ya warke. Ta ba ni buroshi mai laushi da wasu 'yan ƙanana masu shiga tsakanin haƙori.

Alhamdu lillahi da aka haɗa ni da mai faɗin gaskiya.

Juma'a, 20 ga Mayu

Goro. Kwana uku ban ci ba, kaina kamar ana daka. Maigida ya daina ci a gabana, yana fita zaure. Na ce masa ba sai ya wahalar da kansa ba, ya ce iska yake sha.

Alhamis, 2 ga Yuni

Yau na tofar da ruwa fari tas, ba ɗigon jini.

Laraba, 8 ga Yuni

An yi. Awa biyu da wani abu bakina a buɗe. Ta riƙa gwada launuka a jikin haƙorina kamar mai zaɓen zare, ta ce ba za ta sa fari fat ba, sai wanda ya yi daidai da nawa. Tana sa wata 'yar leda siririya tsakanin haƙoran, ta cika, ta haska shuɗiyar fitila, ta goge. Ba zafi, sai gajiyar muƙamuƙi.

Kafa biyu sun rufe ruf. Ta ukun, ta gefen hagu, ta bar ɗan kaɗan. Ta ce in ta cika duka haƙorin zai yi faɗi kamar na doki, kuma datti zai samu wurin ɓuya.

A mota harshena ya ƙi zama wuri ɗaya. Maigida ya ce, "To, karanta mu ji." Na ce cikin mutane? Na karanta a hankali, fuskata wajen taga. Ya ce bai ji komai ba sai shin. Ban sani ba ko don ya faranta mini ne.

Na yi wa Likita Rahmatu addu'a da sunanta a sallar la'asar.

Asabar, 11 ga Yuni

Na shiga aji na faɗa musu komai. Na ce kuskuren nawa ne, daga bakina ya fito, ku yafe mini, za mu koma baya. Na ɗauka za a yi gunaguni. Inna Barira ta ce, "Wata ukku na yi ina koyon iskan ga, Malama. Har jikokina na yi mini dariya." Aji ya fashe, har da ni.

Sai ta ce in sake faɗin shin ta ji. Na faɗa. Ta rufe ido tana saurare, ta ce, "To, wanga ya fi sauƙi."

Nawa ma bai gama fita ba. In na yi sauri yana dawowa kaɗan. Yanzu tare muke gyara, su ji nawa in ji nasu.

Lahadi, 26 ga Yuni

Malam ya sake zuwa. Inna Barira ta kai ƙarshen sura bai ɗaga hannu ba. Ya ce Allah ya yi albarka, ya wuce aji na gaba. Ita kuwa ta kamo hannuna ta riƙe, ta ƙi saki har aka tashi.

Ban san da bakin da zan gode wa Allah ba.

Talata, 28 ga Yuni

Na raka Yaya Tasallah kasuwa. Wajen masu kayan koli na tsaya, na sayi ɗan madubi mai murfi, irin na sawa a jaka. Ta dube ni ta gefen ido. Na kusa cewa tsaraba ce zan kai wa wata, sai na tuna ƙarya ce, na jefa shi a jakata.

Likita ta ce in riƙa duba gindin cikon ko abinci ya maƙale. Shi nake dubawa. Sau huɗu na duba kafin mu iso gida, ban kuwa ci komai a hanya ba.