Talla a Tsakiyar Addu'ar Baba

Bagudo, daren Laraba

Na dawo daga Lolo a gajiye, Inna ta ce in kunna mata karatun Baba kamar kullum. Bidiyo ɗaya tak ya rage mana na muryarsa, wanda wani ɗalibinsa ya ɗora a intanet kafin rasuwarsa.

Ashe manhajar toshe talla ta daina aiki. Baba ya ɗaga hannu zai yi addu'a ke nan, sai kiɗa ya ɓarke, wata mata tana tallar man bilicin da Faransanci, don layin Benin ne a wayar.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Sani, mutumin da ko hakimi bai katse mai magana, yau wagga ta katse shi?"

Na sabunta manhajar, shafin bidiyon ya ce sai na kashe ta. Na goge, na sake saukewa har sau uku kafin ta kama. Na san ba za ta daɗe ba.

Na mayar da bidiyon zuwa farko. Wannan karon Baba ya kai ƙarshen addu'arsa. Inna ta shafa, ta ce amin.