Mai Ƙwas-ƙwas na Toranke

Gaya,
19 ga Disamba, 1971

Zuwa ga aminiyata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da 'yata A'isha. Yaya zaman Zariya? Mu nan sai godiyar Allah. Kin ga adireshin ya canja. Ina gidanmu a Gaya, ba Toranke ba, kuma a kishingiɗe nake rubuta miki, na ɗora takardar a bayan faranti.

Wata Laraba ce bayan ƙaramar Sallah. Na hau tsani zan ɗebo dawa a rumbu, da littafi a hammatata, don na kai daidai inda ɗan fatake ya sayar da dokinsa saboda yarinyar da yake so, na kasa ajiyewa. Littafin ya zame, na kai hannu, tsanin ya goce. Magirbin da aka wasa da safe yana jingine a gindin rumbun. Na ji wani abu ya ce ɗas a bayan ƙafata ta hagu. Da na yunƙura zan tashi, sai tafin ƙafar ya ƙi, yana reto kawai. Agarata ce ta yanke.

Aka kira mutumin naki daga gona. Kin san har yau ba na faɗin sunansa. Ko tabarma zan sa a shimfiɗa mini a gindin bishiya, sai in ce a kai ta inda rana ba ta bugawa, don abin da ake kiran wurin shi ne sunan nasa. Kin sha yi mini dariya a kan wannan. To, ya zo ya yaga rigarsa ya ɗaure wurin, ya sa ni a amalanke zuwa Ajingi. A can ya tsaya a tsakiyar hanya sai da motar gyaɗa ta tsaya. Muka bi ta Gaya, ta Wudil, har Kano, ƙafata a ɗage cikin hannuwansa biyu, bai sauke ba ko sau ɗaya. Amma Rabi, duk tsawon tafiyar nan in ban da sannu bai ce mini komai ba. A littattafanmu a irin wannan wuri ne namiji yake buɗe zuciyarsa. Na jira, na jira, har muka ga fitilun birni.

A asibiti aka yi mini allurar barci, likita ya jawo jijiyar ya ɗinke. Na farka na tarar da filasta tun daga ƙasan gwiwa, yatsuna suna kallon ƙasa kamar mai ɗage. Gwaggo Hansai, ƙanwar Baba, ita take jinyata. Siminti take ce wa filastar, kuma kullum da safe sai ta ƙwanƙwasa ta tambayi ƙafar ko ta kwana lafiya a ɗakinta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yaya Garzali ya zo daga Kano, ya zauna da Baba. Ya ce ƙafar da aka ɗinke ba ta daka da ɗaukar ruwa ba ce, kuma tun farko bai ga dalilin kai wadda ta gama firamare ƙauye ba. Yana so in na warke in koma wurinsa a Fagge, gida da famfo da lantarki, ya sa ni makarantar koyon malanta, shi kuma zai san yadda za a rabu da auren cikin mutunci. Baba ya ce ni na ce ina so aka ɗaura, don haka ni zan ce a kwance ko a bari. Ya ba ni zuwa faɗuwar ruwa.

Ba zan ɓoye miki ba, da na ji an ce lantarki, abin da ya fara zo mini shi ne karatu ba tare da hayaƙin aci-balbal ba.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan A'isha. Ki aiko mini da duk littafin da kika gama.

Taki har kullum,
Suwaibatu

Gaya,
20 ga Fabrairu, 1972

Rabi ƙawata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun yi Babbar Sallah lafiya, kuma haƙoran A'isha sun fito ba wahala. Littattafan sun iso, na gode, Allah Ya bar zumunci.

An cire simintin Gwaggo bayan Sallah. Da ma ban duba ba. Ƙafar ta tsotse ta koma kamar muciya, fatar tana saɓa, ga tabo kamar an kwantar da shanshani. Da aka ce in taka, dunduniyar ta ƙi isa ƙasa, ta tsaya a sama. Na fashe da kuka. Likita yana ta bayani, wata nas tana juyawa da Hausa, ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Gwaggo kuwa kin san kunnenta da nauyi, ga shi hankalinta yana kan rarrashina. Mutumin naki yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

Bayan mun dawo da 'yan kwanaki ya aiko mini da takalmi. Ban taɓa ganin mummunan takalmi irinsa ba. Ƙasansa taya, samansa fata, dunduniyarsa kuwa an jera mata ƙirgi falle a kan falle, kamar an tula gurasa. Kuma ƙafa biyun duka haka aka yi musu, har da mai lafiyar. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce angon nawa ya ji ana cewa matan birni suna sa mai tsini, shi ne ya yi nasa na ƙauye.

Amma da na sa, dunduniyar ta sami abin zama. Ranar nan da sanda ɗaya na je har madafa. Na tsaya ina kallon tukunya kamar na je Makka.

Duk ranar kasuwar Gaya yakan zo a keke. Ina jin ƙararrawarsa, sai ya jingine keken, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida Baba a zaure. Kunyar surukai ta hana shi shigowa. Sau biyu Gwaggo ta tilasta masa, ya tsuguna a bakin ɗaki yana kallon ƙasa, ya tambayi jiki, ya ajiye mini rogo ko ƙwai, ya tashi.

To yau, Rabi, ya zo bai nemi ganina ba. Ya sa aka kira Gwaggo, ya ce a ba shi takalman. Shi ke nan abin da ya ce. Gwaggo ta shigo jiki a sanyaye ta cire su daga ƙafata. Na ji ƙararrawar keken tana nisa.

Kin san abin da ake nufi a ƙasar nan in namiji ya aiko a ba shi kayansa. Ina zargin Yaya Garzali ya gaya masa magana da Sallah, shi kuma ba mai jayayya ba ne, ya ga gara ya janye. Ko kuma ya ga ƙafar ranar nan a asibiti, ya yi nasa lissafin. Ba na ganin laifinsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kaina. Na ɗauka in hanyar Kano ta buɗe zan ji daɗi. Ga ta ta buɗe, ni kuma tun azahar na buɗe sabon littafi ina kan shafi ɗaya.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Suwaibatu

Gaya,
7 ga Mayu, 1972

Aminiyata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da A'isha, da fatan zafin bana bai dame ku ba. Ki yafe mini shirun da na yi bayan na ɗaga miki hankali. Wasiƙarki ta zo, na ga faɗan da kika yi mini, kuma kin yi gaskiya.

Washegarin ranar da na rubuta miki, da hantsi, sai ga takalman a hannun Gwaggo. Mutumin naki ya kwana wurin wani abokinsa a gari, ya kawo, ya wuce Toranke. Na jujjuya su ban ga abin da ya canja ba. Da na sa dai na ji bayan ƙafar yana ja kaɗan, bayan kwana biyu ya daina. Bayan kasuwa biyu ya sake aikowa a ba shi. Aka ba shi, ya dawo da su, ƙafar ta sake ja. Na rasa gane kansa. Har na fara tunanin ko wani malami yake kai wa a tofa.

Gwaggo ce ta gano, ranar da ta shiga kasuwa sayen daddawa. Ta hango shi a rumfar Ɗantani baduku, takalmina a cinyarsa, yana warware ɗinki da basilla. Ta tsare shi a gaban jama'a, ta ce yau sai ya faɗa mata ko sakin 'yarta yake yi falle-falle. Ta ce har gumi ya karyo masa. Ashe ranar asibiti, lokacin da nake kuka, likita cewa ya yi a ɗaga dunduniyar da wani abu, a riƙa rage tsawon a hankali har jijiyar ta miƙe, in an yi gaggawa za ta sake tsinkewa. Shi ya ji daga bakin ƙofa. Ya ɗauka mu ma mun ji, tunda mu ne a ciki. Duk karɓar da yake yi, falle ɗaya yake cirewa. Ya ɗaga ƙafar mai lafiya ne don kada in riƙa tafiya a karkace ƙuguna ya saba.

Saura ki ji. Gwaggo ta dubi ƙafarsa, sai ta ga irin takalmin nawa sak. Ya sa Ɗantani ya yi masa nasa, don kafin ya rage mini falle sai ya fara ragewa a nasa ya yi yawo da shi, ya ji yadda saukar take a jiki. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake kai taki gona. Shi ya sa yake tuɓewa tun daga nesa in ya zo gidanmu, ni ina cewa ladabi ne kawai. Duk Toranke da Ajingi yanzu Mai Ƙwas-ƙwas suke ce masa. Abokan wasansa suna tambayarsa yaushe zai sayi jan-baki, wani ma ya ce in ya gama da shi ya ara wa matarsa za ta biki. Gwaggo ta ce ko a rumfar ana ta yi masa, shi kuwa yana ɗinkinsa, in abin ya yi yawa ya yi murmushi.

Rabi, na karanta maza da yawa. Na karanta wanda ya ƙetare kogi cike, da wanda ya yi shekara yana rubuta waƙa a ƙofar gidan su yarinya. Duk cikinsu ban ga wanda ya yarda garinsu ya yi masa dariya tun daga Sallah har bazara ba, kuma bai ko aiko a gaya wa yarinyar ba.

Kasuwar da ta biyo baya ban jira Gwaggo ba. Da na ji ƙararrawa, na bari Baba ya tafi masallaci, na taka da kaina har zaure, na miƙa masa takalman hannu da hannu. Ya karɓa yana kallon ƙafata, ba fuskata ba. Ya ce saura falle biyu, kada in yi sauri.  Sai ya ce littafin nan da ya faɗi ranar nan ya goge shi ya sa a tukunya ya rufe saboda gara. Sannan ya tambaye ni ko yaron nan na cikin littafin ya samu dokinsa ya dawo. Ashe duk lokacin da nake karatu a bayyane ina tsammani ni kaɗai ce, shi yana bayan zana yana tufkar igiya yana saurare. Na ce masa ni ma ban kai ƙarshe ba.

Makon jiya aka cire falle na ƙarshe. Dunduniyata ta taɓa ƙasa. Na yi sallar la'asar a tsaye, na yi zaman tahiya ba tare da na miƙe ƙafar gefe ba. Har yanzu ina ɗan ɗingishi in na gaji, likita ya ce wataƙila ba zai tafi duka ba.

Yaya Garzali ya zo jiya, don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya sake jera mini famfo da lantarki da makaranta, kuma na san don yana so na ne. Bai faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Rijiyar Toranke tana nan da nisanta, turmi yana nan da nauyinsa, kuma malantar nan ina son ta har yanzu, zan daɗe ina tunaninta. Na saurare shi har ya gama, Baba yana zaune yana jan carbi.

Ki gaida maigidan, ki ce wa A'isha uwarta ta Gaya tana tafiya da ƙafarta. In za ki aiko da littafi, ki zaɓi mai doki a ciki, kuma ki canja adireshin.

Na gaya wa Baba. Ranar Juma'a zan koma Toranke.

Taki har kullum,
Suwaibatu