Bula a Rijiyar Alhaji Mashudu

Sabonjida, Tamale
Ranar Talata

Zuwa ga ɗana Abdul-Waris,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga sharrin teku da ƙarafan tashar jiragen ruwa ta Takoradi, Ya sa albarka a guminka. Mu nan da sauƙi. Ƙafata tana nan yadda ka san ta, in hadari ya haɗo ita ke fara sanar da ni. Matarka Asmawu lafiya lau, tana ta suyar ƙosanta a bakin titi. Naeem ya tashi daga zawon da ya kwantar da shi, ya soma cin tuwo, amma har yanzu riga na yi masa yawa. Na ba Saani direba takardar nan ya kawo maka hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce. Ka san gidanmu, in ka yi tari a ɗakinka daga ɗakin maƙwabci ake yi maka sannu.

Maganar 'yarka Zakia ce, kuma ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Za ka tuna bara na gaya maka wasu masu bincike daga jami'a sun shigo makarantarsu, wai suna nazarin yadda za a koya wa yara yin tunani da kansu maimakon hadda. Sau ɗaya a mako sukan zauna a bayan aji, malamarsu Madam Lamisi ta ajiye alli, kowane yaro ya kawo tambayar da ta dame shi daga gida. Ba a ba su amsa. Sai dai a yi ta tambayarsu me suka gani, ta yaya suka sani, kuma me zai sa su canza ra'ayi. Da na ji haka dariya na yi. Na ce wa Asmawu ta bar su, za su ɗauki hotuna su rubuta rahoto su tafi, kamar waɗanda suka gabace su. Ban ɗauka abin zai biyo yarinyar har tsakar gida ba.

Tambayar da Zakia ta kai aji ita ce me ya sa duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi sai yaran gidanmu su kama zawo. A lokacin ƙanenta na kwance, tana ganin yadda uwarsu ke wanke zane bayan zane. Ta bi ɗakuna tana hira da mata kamar mai wasa, ta lura cewa masu sayen ruwan leda ko na tanka yaransu ƙalau suke, masu shan na rijiya su ne ke kwanciya. Ka san famfonmu ya fi ƙwarewa a busa iska da kawo ruwa, kuma ka san sabon masan da maigidan hayarmu Alhaji Mashudu ya haƙa, ɗan taki kaɗan daga bakin rijiya. Da ta faɗi zarginta a aji, sai aka tambaye ta ta yaya ta sani. Yarinyar nan ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kwashe bular wankin uwarta kaf, ta dama a bokiti, ta juye a masai ranar da hadari ya haɗo. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe Husseina ta ɗakin ƙofa ta ja guga, ta tace da farin ƙyalle yadda matan nan suka saba tun zamanin kurkunu, sai ga ƙyalle ya yi shuɗi-shuɗi.

Da a nan abin ya tsaya da na san yadda zan lallaɓa Alhaji a keɓe. To amma ranar ce ake sunan jikansa, tsakar gida cike da baƙi har daga Sakasaka, ana shirin ɗora tukwane da ruwan nan. Mata suka taru a kan ƙyalle ana ta salati, wata na cewa aljanu ne, wata na cewa asiri aka yi wa maijego. Sai 'yarka ta ratsa su, ta ce ba aljani ba ne, ita ce, a masai ta zuba, ga shi ya fito a rijiya, don haka abin da ake zubawa a can shi ake sha a nan. Ta faɗa da murna, Abdul-Waris, tana jiran a yaba mata yadda ake yi a aji. Baƙi suka ajiye kofuna. Wata tsohuwa ta tofar da na bakinta a gaban Alhaji.

Da yamma ya aiko aka kira ni. Bai ce in zauna ba. Ya ce dama ya san jikar Ticha Wahabu ba za ta rasa dogon baki ba, gado ne, ya tambaye ni ko turancin nawa ya taɓa gina mini ko da akurkin kaji. Ya ce ƙarya take yi, a rijiya ta zuba bular kai tsaye don ta tozarta shi a gaban surukansa. Sharaɗinsa shi ne ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in kawo ta tsakar gida ta durƙusa, ta faɗa da bakinta cewa a rijiya ta zuba, sannan ta ɗebi ruwan rijiyar moɗa guda ta shanye a gaban 'yan haya duka. In ba haka ba mu kwashe kayanmu daga ɗakunan biyu kafin wata ya mutu. Matarsa kuma ta bi Asmawu har wurin suya, ta ce mata yaro mai irin wannan baki ba ya daɗewa. Ban san abin da take nufi ba, kuma ba na son in sani. Tun ranar Asmawu ke raka Zakia makaranta, ni kuma in dogara sanda in je in ɗauko ta.

Na je wurin masu binciken. Babbansu, wani saurayi mai suna Mutawakil, ya saurare ni har ƙarshe, fuskarsa na ta haske. Ya ce wannan shi ne ainihin abin da suke nema, yarinya ta yi zato, ta gwada, ta tabbatar. Ya roƙi izini su sa labarin a rahotonsu, ya ce ba za su ambaci suna ba. Na tambaye shi ko a cikin rahoton akwai ɗakin da za mu kwana. Ya ce aikinsu a cikin aji ya tsaya. Madam Lamisi kaɗai ce ta biyo ni har bakin ƙofa idonta da ƙwalla, ta ce za ta zo ranar Juma'a, ko da yake ni da ita mun san Alhaji ba zai ko dube ta ba. Ba sabon abu ba ne a wurina. Ni ma an taɓa yaba mini a kan tambaya, na fi kowa a ajinmu, har ranar da, bayan na zama malami, na tambayi manya a taro me ya sa rufin sabon aji ke yoyo tun damina ta farko. Ka san ƙauyen da aka jefa ni, a can aka haife ka. Waɗanda suke leƙen takardata a jarrabawa yau in sun wuce a mota ƙura kawai nake samu. Ana koya wa yaro ya buɗe baki, ba wanda ke koya wa manya su buɗe kunne, sannan a bar yaron shi kaɗai a tsakar gida.

Saboda haka jiya na zaunar da ita. Na ce amaryata, ki rufa wa tsohon angonki asiri, ki durƙusa ki faɗi abin da yake so, magana ce ta minti ɗaya, moɗa guda kuma ba za ta yi miki komai ba. Ta dube ni, ta ce Kaka, ta yaya ka sani? Wallahi na ga yadda ruwan nan ya mai da Naeem. Sai ta fashe da kuka, ta ce ita ma tsoron Alhaji take ji, amma in ta ce ƙarya ta yi, Husseina za ta koma ba jaririyarta ruwan rijiya, don yanzu duk matan gidan tafasawa suke yi a ɓoye. Ta ce in jaririyar ta mutu, wa zai durƙusa wa wa? Shekararta goma sha ɗaya. Na yi shekaru ina tsaye gaban allo, ban taɓa jin tambayar da ta tsorata ni kamar wannan ba.

Ga abin da na yanke, kuma kai ne ubanta, ya kamata ka sani kafin ya faru. Ba zan kai ta ba. Ranar Juma'a da safe Asmawu za ta kai ta Dungu wurin yayarka Hawawu. Ni zan fita tsakar gida, in durƙusa da wannan ƙafar tawa, in ba Alhaji haƙuri a kan kunyar da ya ji a gaban baƙinsa, don wannan kam ya ji ta. Amma ba zan ce a rijiya aka zuba ba, kuma ba wanda zai sha moɗar nan da sunanmu. Na san halinsa, ba zai karɓa ba. Ban san inda tsoho mai sanda da mace da yara biyu za su sami ɗaki a Tamale tsakiyar damina ba. Ka kira mijin Hawawu ka roƙe shi ya share mana ɗakin ajiyarsa, kai zai fi jin nauyinka. In kuma ka kira Zakia, don Allah kada ka yi mata faɗa. Ko bular da ta ƙarar uwarta ta yafe.

Ka gaishe mini da matar kawunka Abibata da yaranta, da abokin ɗakinka Ziblim, ka ce na gode da man zafin da ya aiko. Asmawu na gaishe ka, Naeem ya ce ka kawo masa jirgi. Ka sa mu a addu'a ranar Juma'a. In ka sami hutu ka taho, kuma in ka tarar da kayanmu a ƙofar gida kada ka tsaya tambayar laifin wa. Ka dai zo da igiyar ɗaure kaya.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Wahabu