Maƙala ta Arba'in da Takwas

Recife, 3 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Yayata Gildete,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗiyarmu Lindalva, kuma ɗinki yana tafiya. Mazarƙwailar da kika aiko ta iso, abokan aiki sun kusa cinye min ita.

Yaya, albishir nake tafe da shi. Farfesan sashenmu na cututtukan fata ya yi ritaya, kuma na nemi kujerarsa. Mu biyu ne, ni da Dakta Valdemar Pontes, wanda ya fi ni furfura da iya gaishe da manya. Ƙa'idar ita ce kowa ya haɗa jerin duk binciken da ya taɓa wallafawa, ya tsaya gaban alƙalai biyar a bainar jama'a ya kare shi. An sa ranar 9 ga Oktoba.

Ga kwafin nawa jerin nan na saka miki. Maƙala arba'in da bakwai, aikin shekara goma sha biyar. Da Ingilishi aka rubuta yawancinsu, amma duk tambaya ɗaya suke bi: me ya sa garkuwar jiki take juyowa ta ci fatar mai ita, kuma me ya sa ta fi yi wa mata haka lokacin da juna biyu ya motsa sinadaran jininsu. Ki ajiye shi ko don ki ga inda wahalarki a kaina ta tafi.

Bana ma ba zan samu zuwa gida ba. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Marilza

Oeiras, 17 ga Agusta

Marilza,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, sauran ki nema a wurin alƙalanki.

Makon jiya na je a auna min hawan jini. Sabon likita aka kawo mana, mai baki kamar rediyo. Ya ga sunana, ya ce Lustosa? Kin san Dakta Marilza Lustosa? Na ce ni na goye ta. Ya tambayi ciwukan da na taɓa yi, na ce ban da bororon da ya feso min lokacin cikin Lindalva, babu. Sai ya ƙura wa tawadar Allahn da ke wuyana ido, ya dubi ƙunar dutsen guga a hannuna, ya dafe kai ya ce, "Kai! Dona Gildete, ai ke ce Hoto na Biyu! A kanki muka yi jarrabawa!"

Washegari ya kawo min takardar binciken da hoton yake ciki. Ni ce, Marilza. Ni ce zaune a bakin gadon Mama, ciki a waje, ƙirji a waje, an ja min baƙin layi a ido kamar ɓarauniyar da jarida ta kama. A sama ga sunanki ɓaro-ɓaro, shekarar 1982.

Ina cikin haɗiyar wannan sai ga littafin jerinki ya iso. Ban iya Ingilishi ba, amma na iya lamba, da ita nake auna ƙugun mutane. Na bi jerin da yatsa sau uku. Daga 1983 ya fara. Ina tawa?

Ki ba ni amsa, kuma kada ki yi min maganar likitoci.

Gildete

Recife, 26 ga Agusta

Yayata,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata.

Ba ni da bakin kare kaina. Ina ajin ƙarshe lokacin, na zo na same ki jiki duk ya ɗaye. Na ce miki hoton don malamina ya gani ya zaɓa miki magani ne. Gaskiya ne, amma rabinta. Da ya gani, ya ga jinin da na ɗiba, ya ce irin wannan sai a yi shekaru ba a gamu da shi ba, a rubuta. Na rubuta. Ban tambaye ki ba, don na san za ki ce a'a.

Wannan maƙalar ce ta buɗe min kowace ƙofa. Har yau an fi ambatonta a kan duk sauran. A taro a ƙasashen waje na sha zama cikin duhu a haska hotonki a bango, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ya sa nake gudun Oeiras, ba yawan aiki ba. Ba na iya cin abinci a gabanki.

Da na zo haɗa jerin nan, na ce ba zan hau kujera a kan tsiraicin yayata ba, na cire ta. Na san cirewar za ta rage min maki, na yarda. Na yi miki alkawari ba zan ƙara ambatonta ba har in mutu, kuma zan rubuta wa likitan nan ya kama bakinsa.

Ki yafe min.

Marilza

Oeiras, 5 ga Satumba

Ke Marilza,

Na amsa gaisuwar. Amma ashe mutum zai iya rubuta takarda arba'in da bakwai kuma ya kasa karanta wasiƙa ɗaya.

Hoton ya ƙona min rai, ba na musu, kuma za mu yi wannan shari'ar ni da ke a tsakar gida. Amma ba shi ne ya hana ni barci ba. Na sa likitan ya zauna ya fassara min takardar layi-layi. Ya ce an rubuta cewa ciwon ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa a wurin namiji. An gwada jinina, babu tunjere, babu komai. Jikina ne kawai ya rikice saboda cikin, ya yaƙi kansa. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na fita ban ko karɓi maganina ba.

Kin san abin da uwar mijina Dona Filomena ta yi ta faɗa a garin nan? Cewa ciwon bin maza ne, na kwaso a wurin direbobin da nake ɗinka wa riga. Kin san shi mijin nawa Aluísio ya tattara ya tafi birnin Brasília kafin in yi arba'in, bai ko ɗauki jaririyar ba. Shekara uku mata ba su kawo min ko ɗinkin tsumma ba. A coci in na zauna, benci ya zama nawa ni kaɗai. Lindalva ta girma ana ce mata 'yar direba. Na ce musu ƙanwata ta ce ba haka ba ne, suka ce ɗaliba ce, kuma wa zai ƙi rufa wa 'yar'uwarsa asiri? Sau nawa na rubuto miki ki zo ki faɗa musu da bakinki? Kika ce aiki.

Ashe duk shekarun nan shaidata tana kwance a aljihunki da hatimin mujallar likitocin Landan. Kin wanke ni tas a gaban waɗanda ba su san ni ba, kin bar ni da kashin kaji a garinmu. Yanzu kuma kina min albishir za ki binne ta, wai don mutuncina!

Kada ki kuskura. Fatata ce, jinina ne, ba ki da ikon cire ta kamar yadda ba ki da ikon saka ta. Ki mayar da ita inda take, a sama, lamba ɗaya. Kuma ki bar min likitana, shi kaɗai ne mai surutun da ya taɓa amfanata.

Yayarki, ko kina so ko ba kya so,
Gildete

Recife, 12 ga Oktoba

Yayata Gildete,

Gaisuwa da girmamawa. Ki yi haƙuri da shiruna, ban so in rubuto da alkawari ba sai da aiki.

Wasiƙarki ta same ni an riga an rufe karɓar takardu. Na je wurin magatakarda, ya ce ko wasali ba a ƙarawa. Wata abokiyar aiki ta ja ni gefe ta ce, "Ke dai yi shiru ki ci kujerarki, in kin hau sai ki yi ta tuba." Na kwana biyu ina juya maganarta, ba zan ɓoye miki ba.

Ranar Juma'a zauren ya cika. Shugaban alƙalan ya ɗaga littafina ya ce, "Dakta, maƙala arba'in da bakwai." Na ce, "Da takwas, ranka ya daɗe." Na faɗi sunanta da shekararta. Ban haska hoton ba. Na ce matar da ke ciki yayata ce, sunanta Gildete Lustosa, tela ce a Oeiras, ita ta umarce ni in faɗa. Na ce na ɗauki hotonta da yaudara, na wallafa ba da izininta ba, sannan na ɓoye mata sakamakon da zai wanke ta shekara goma sha shida.

Shugaban ya cire tabarau ya ce, "Dakta, ba wanda ya tambaye ki wannan." Na ce, "Ita ma ba wanda ya tambaye ta." Wata alƙaliya daga Bahia ta sunkuyar da kai tana rubutu. Wani ya ce a zamanin kowa haka yake yi. Na ce to kowa ya zo ya faɗi nasa, ni na faɗi nawa.

Valdemar ya samu kujerar. Sun ce jerina bai cika ba, kuma an tura batuna ga kwamitin ladabtarwa. Na yi kuka a mota, ba don nadama ba, don ina son kujerar nan ƙwarai. Amma da na isa gida na ci wake da shinkafa faranti biyu.

Na fassara maƙalar zuwa harshenmu, da kalmomin da mai sayar da garin rogo zai gane. Zan shigo motar Juma'a, 23 ga wata, da ainihin mujallar a hannuna. Ki zaɓi wuri, ki tara wanda kika ga dama.

Ƙanwarki,
Marilza

Oeiras, 18 ga Oktoba

Marilza,

Sannu da ƙoƙari. Kujera kuma, akwai guda huɗu a gidana, ki zaɓa.

Fada, limamin cocinmu, ya ce coci ba wurin wannan magana ba ne, don haka na karɓi lasifikar mai tallan katifa. Asabar, ranar kasuwa, ƙarfe tara, a ƙofar shagona. Ki zo da farar rigarki ta likita, a nan ita suke ji. Lindalva ce za ta riƙe miki takardar, ita ta nema.

Kada ki makara. Dona Filomena ta kai tamanin da huɗu, kuma an ce jikin ya matsa mata. Tun Laraba nake aika mata romon kaza safe da yamma. Matar nan ba za ta mutu ba sai ta ji.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayarki,
Gildete