Muryar Inna a Cikin Na'ura

Anti Sailuba, don Allah ki taimake ni, murnata na neman komawa ciki.

Ni ɗan Ƙwarbai ne a birnin Zazzau, ina karatu a Ingila tun 1994. A bincikenmu muna kwantar da mutum cikin wata na'ura, mu ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, mu ga inda ke motsawa idan ya ji magana. To amma na'urar ƙara gare ta kamar injin niƙa. Kullum hoton ya fito, ba a sanin ko maganar ce ta motsa ƙwaƙwalwar ko ƙarar. Na sha wuya har na rame.

Bana Allah ya buɗa. Sai mu tsayar da ƙarar, a saka murya cikin shiru, sannan mu ɗauki hoton, tunda motsin jinin ƙwaƙwalwa na'urar ke gani, shi kuwa yakan ɗan makara. Ya fito tas! Wallahi har rawa na taka. Muryar kuwa ta mahaifiyata ce, Inna Mairo, daga kaset ɗin gaisuwa da take aiko mini, don Hausarta ba gargada. Hausawan da ke zaune can Ingila suka shiga na'urar suka saurara.

Da na zo hutu na ba da labari, sai yayana Jumare ya hau faɗa, wai na kai muryar uwarmu kunnen maza baƙi. Ya ce in fid da ita daga aikin ko ya daina yi mini magana. In na fid da ita, aikin ya rushe. Ban ko iya gaya wa Inna ba.

Ɗan Ƙwarbai

*

Ɗan Ƙwarbai, barka da arziki! Ka fitar da mu kunya, kada kowa ya rage maka wannan murna.

Sai dai yayanka ba mahaukaci ba ne, mutuncin uwa yake karewa. Kaset ɗin kai aka yi wa, kuma ba ka nemi izini ba. Ka ba shi haƙuri kan wannan. Shi ma ya zarce, don muryar ba tasa ba ce.

Kai da ka iya sa na'ura ta yi shiru, ku biyun nan kun cika gida da ƙara, mai muryar ba a ji ta bakinta ba. Ka ɗauki hoton, ku shiga ɗakin Inna tare, ka nuna mata abin da gaisuwarta ta yi. In ta ƙi, ka nemi wata murya, dabarar tana hannunka. In ta yarda, magana ta ƙare.

Na san iyayenmu na birni: ka shiga da sabon kaset a aljihu, don ba mamaki ta ce a sake ɗaukar muryar tata. Allah ya ƙara basira.